Daga Gaɓar Shari Zuwa Tekun Atlantika: Tarihin Wasu Ma'aikatan Jirgin Ruwa

Gawi, wanda Faransawa ke rubutawa Gaoui, ƙaramin gari ne na Kotoko da ke kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da tsakiyar birnin Njamena. Abin da ke kai baƙo can shi ne tukwane da tulunan da matan garin ke ginawa, da zanen da suke ƙawata bangon ɗakuna da shi, da tsohon gidan sarki da aka mayar gidan tarihi, inda aka adana kayan mutanen Sao, waɗanda Kotoko ke ɗauka a matsayin kakanninsu. Babu wani abu a wurin da zai tuna wa mutum teku. Gaɓar teku mafi kusa ta fi kilomita 1,000 nisa, kuma mafi yawan kayan da ke shigowa Chadi ta ruwa a Duwala ta Kamaru ake sauke su. Duk da haka, birnin da ke maƙwabtaka da Gawi hafsan sojan ruwa ne ya kafa shi. Ɗaya daga cikin Turawan da suka fara tsayawa a bakin Tafkin Chadi shi ma sojan ruwa ne. Haka nan daga bakin wannan tafki aka ɗauki mutanen da suka ɗaure jirgin da ya yi tafiyar kusan kilomita 5,000 a Tekun Atlantika a 1969.

Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan mutane ta fuskar sana'arsu. Tarihi ya adana Turawan cikinsu da muƙamansu na aiki, kyaftin ko laftana, amma 'yan ƙasa da suka yi aikin jirgi tare da su ya rubuta su da sunan bara, ko tafinta, ko kafinta. Idan aka karanta labarinsu da idon sana'a, za a ga abin da waɗannan sunaye suka rufe.

Kafin nan akwai matsalar kalma. Hausa tana da masunci, da ɗan fito, da sarkin jirgi, da sarkin ruwa, duka na kogi da tafki. Ba ta da kalma guda da ta keɓanta ga mutumin da ke cin abinci daga jirgin da ke ratsa teku, wanda kan yi watanni bai taka ƙasa ba. Matuƙi ya yi faɗi, domin har direban mota ya shiga ciki. Saboda haka za a riƙa cewa ma'aikacin teku a nan.

Ruwan da aka tarar

Kada a ɗauka cewa Turawa ne suka kawo wa wannan yanki sanin jirgi. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani kwale-kwale a binne, mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Kotoko na gaɓar Shari da Logone sun shahara da manyan jiragen katako waɗanda ake ɗinke allunansu da igiya, a kafa musu wata babbar koma mai siffar kusurwa uku a goshi, ana saukar da ita ana ɗagawa da doguwar sanda. Sunanta zemi. A cikin tafkin kuwa akwai Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, masu ɗaure jirgin da suke kira kadai da wata doguwar ciyawar ruwa da Larabawa ke kira bardi. Ita ce ciyawar da Misirawan dauri suka yi takarda da ita. A riƙe sunan kadai, za a dawo kansa.

Hafsoshin rabin albashi

Me ya kawo sojan ruwa cikin Sahara? Amsar tana cikin yadda sana'ar take. Da yaƙin Nafoliyon ya ƙare a 1815, rundunar sojan ruwa ta Ingila ta rage mutanenta daga sama da 100,000 zuwa kusan 20,000 cikin 'yan shekaru. Ƙananan ma'aikata aka sallame su kawai. Hafsoshi kuwa aka ajiye su a kan rabin albashi, ba jirgi, ba ƙarin girma, sai jira. John Barrow, sakatare na biyu a hukumar rundunar, ya ga cewa za a iya amfani da waɗannan mutane wajen binciken ƙasa, ya shiga tura su yankin ƙanƙara na arewacin duniya da kuma Afirka. Ga hafsan da ya gaji da zama, tafiya neman bakin Kwara hanyar samun muƙami ce, ko da kuwa rabin waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Hugh Clapperton na cikin wannan sahu. An haife shi a Annan ta Sikotilan a 1788, ya shiga jirgin 'yan kasuwa yana ɗan shekara 13, daga baya ya koma na soja, ya yi aiki a Tekun Indiya da manyan tafkunan Kanada, sannan aka ajiye shi a rabin albashi a 1817. A 1822 ya taso daga Tarabulus tare da Dakta Walter Oudney da Manjo Dixon Denham, suka ga Tafkin Chadi a watan Fabrairun 1823. Tare da su akwai William Hillman, masassaƙin jirgi, wanda a ƙarshe bai sassaƙa wa tafkin jirgi ba, sai dai ya yi wa Shehu Al-Kanemi keken ɗora igwa. Denham ya bi Shari ya kai Logone a farkon 1824, wato ya shiga ƙasar Kotoko. Clapperton ya yi yamma, ya shiga Kano a Janairun 1824, ya isa Sakkwato a watan Maris.

Abin da ya sa ma'aikacin teku ya dace da irin wannan tafiya shi ne ya iya gane inda yake a duniya ba tare da alamar ƙasa ba. Da na'urar auna tsayin rana da taurari, da agogo mai kyau, da lissafin tafiyar yini, yana iya sa ɗigo a taswira ko yana tsakiyar ruwa ko yana tsakiyar rairayi. Shi ya sa zancen taurari ya shiga hirarsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda Clapperton ya rubuta cewa ya san sunayen buruji da na wasu taurari da Larabci. Sunan da ya yi tafiya da shi ma yana ɗauke da sana'arsa: Rayis Abdullahi, kuma rayis a bakin Larabawan Tarabulus shugaban jirgi ne.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. A 1851 Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya harhaɗa wani jirgi da aka ƙera a Malta aka ɗauko gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, ya yi makonni yana zaga tsibiran Buduma. Shekara 46 bayan haka Émile Gentil, wanda ya fito daga makarantar sojan ruwa ta Faransa, ya sa aka kwance wani ƙaramin jirgi mai tururi, Léon Blot, aka ɗauke shi a kai daga rassan kogin Ubangi zuwa Gribingi, ya gangaro Shari ya shiga tafkin a ƙarshen 1897. Bayan yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilun 1900, inda Rabeh da Kwamanda Lamy duka suka mutu, Gentil ya kafa Fort-Lamy, garin da aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. An sa wa tashar jiragen ruwa a Gabon sunansa, Port-Gentil. Waɗanda suka ɗauki ƙarafan jirgin a kai kuwa, a matsayin adadi kawai suka shiga rahoto.

Abubakar na Gobir

Ɗaliban Hausa sun san Dorugu, yaron da Overweg ya 'yanta, wanda ya bi Barth zuwa Ingila, Schön ya rubuta labarinsa a cikin Magana Hausa. Ƙalilan ne suka san cewa kusan shekara 30 kafin Dorugu wani Bagobiri ya riga ya sa kayan sojan ruwan Ingila. Littattafan Turawa suna kiransa William Pascoe ko Pasko. Sunansa na yanka Abubakar.

Bisa ga abin da Richard Lander ya rubuta, an kama Abubakar ne a wani hari, aka sayar da shi ga wani fatake mai zuwa Gwanja, daga can ya faɗa hannun wani mutumin Asante, har aka kai shi gaɓar teku aka sayar wa wani jirgin Fotugis a Wida. Duk wanda ya karanci kasuwancin goro zai gane wannan hanya. Ita ce hanyar Gwanja da ayarin Hausawa ke bi, sai dai wannan karon mutum ne hajar. Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, ta girke jiragen sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808. Ɗaya daga cikinsu ya tare jirgin da ke ɗauke da Abubakar. Dokar ta ba da damar a shigar da waɗanda aka kuɓutar aikin soja, na ƙasa ko na ruwa, kuma ta nan ya zama ma'aikacin teku.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da wannan aiki ya ƙunsa a zamanin jirgi mai tafiya da iska. Ana raba ma'aikata kashi-kashi suna karɓar aiki duk bayan sa'a 4, dare da rana. Mutum zai hau dogon itacen tsakiyar jirgi cikin duhu da iska ya naɗe ƙyalle ko ya kwance, ya san sunan kowace igiya cikin ɗaruruwa da inda ta ɗaure, ya ja anka, ya kwashe ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, ya tura igwa. Abinci busasshen biskit ne da naman da aka jiƙa da gishiri. Horo kuwa bulala. A gaɓar Gini zazzaɓi yana kashe Turawa ƙwarai, shi ya sa jiragen ke dogara da 'yan Afirka, musamman Kuru na gaɓar Laberiya, waɗanda suka mayar da aikin teku gadon gida. Mutumin da ya tashi a Gobir, inda babban ruwa shi ne gulbi da damina, ya koyi duk wannan da wani harshe, bayan ya riga ya girma.

Hausarsa ce ta fitar da shi daga jirgi. A 1823 aka haɗa shi da Giovanni Belzoni, Ba'italiyen da ya so ya kai Tambutu ta Benin, amma Belzoni ya mutu a Gwato a watan Disamba, tafiyar ko farawa ba ta yi ba. A 1825, da Clapperton ya dawo a jirgin Brazen da muƙamin kwamanda, aka ba shi Abubakar a matsayin tafinta. Suka sauka Badagiri a Disamba, cikin 'yan makonni Turawa biyu daga manyan abokan tafiyar suka mutu, amma ayarin ya bi ta ƙasar Yarabawa da Busa ya kai Kano a 1826. Ke nan Abubakar ya koma ƙasar Hausa ta ƙofar da ba a saba komowa ta cikinta ba.

A nan ne littattafan suka fi yi masa rashin adalci. Sun cika da ƙorafi a kansa: ya yi aure a hanya fiye da sau ɗaya, ya gudu a Kano, an kamo shi, ya sake gudu da wasu kaya. Lander yana ba da labarin da sigar barkwanci, kamar na tsohon bara mai wayo. Ni dai a ganina akwai wata fassara da ta fi kusa da hankali. Mutumin da aka fitar daga ƙasarsa a ɗaure, ya dawo bayan shekaru ya ji ana Hausa a kasuwa, idan ya nemi mata ya nemi ya zauna, ina abin mamaki? Kalmar da Turawan suka yi amfani da ita a kansa ta gudun soja ce, domin a wurinsu har a Kano yana ƙarƙashin dokar jirgi. Abin lura shi ne bai zauna ɗin ba. Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827, kuma Abubakar na cikin waɗanda suka raka Lander, saurayi ɗan shekara 23, har ya kai gaɓar teku da takardun maigidansa.

A 1830 Lander ya dawo da ƙanensa John, suka sake ɗaukar Abubakar. Daga Busa suka shiga kwale-kwale a watan Satumba suka bi Kwara, aka kama su a ƙasar Ibo, aka kai su Abo, wani basaraken Brass ya fanshe su, suka fita teku a watan Nuwamba. Wannan tafiya ce ta warware wa Turai tambayar inda Kwara ke zuba. Jirgin Ingilishi da suka tarar a bakin kogin, mai suna Thomas, zazzaɓi ya kashe wasu ma'aikatansa ya kwantar da wasu, saboda haka hannun mutanen Lander da suka san aikin jirgi ya yi rana wajen fitar da shi. An ba Richard Lander kyautar farko ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, aka kafa masa gunki a garinsu, Truro.

Tafiyar Abubakar ta ƙarshe ita ce ta Macgregor Laird, wadda ta taso daga Liverpool a 1832 da jirage biyu masu tururi don shiga kogin. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara. Ɗayan, wanda aka ƙera da ƙarfe, sunansa Alburkah, kuma ba wata kalma ba ce illa albarka, da aka aro daga Hausa. Albarkar ba ta samu ba: cikin Turawa 48, 9 ne suka tsira. Lander ya mutu a tsibirin Fernando Po a 1834 sakamakon harbin bindiga. Abubakar ya riga shi, a yankin Idah, kuma Turawan da ke tare da shi sun rubuta cewa guba aka ba shi. Idan aka lissafa, ya yi kusan shekara 10 yana aiki tsakanin jirgin yaƙi da kwale-kwale da jirgi mai tururi, ya ga Turawa uku da ya yi wa jagora, biyu ya ga mutuwarsu. Wannan tarihin aiki ne cikakke, ko da ba a taɓa rubuta shi da wannan suna ba.

Kafintan Bol

Yanzu a koma ga kadai. Thor Heyerdahl, ɗan Norway, yana da ra'ayin cewa mutanen dauri sun iya ƙetare teku da jiragen ciyawa irin waɗanda aka zana a kaburburan Misira. Ya so ya gwada, amma a Misira sana'ar ta mutu, bardin ma ya ɓace daga gaɓar Nilu. Inda ya samu masu yi shi ne Bol, a gaɓar Tafkin Chadi ta gabas. Ya ɗauki Buduma biyu, Umar da Musa, da wani kafinta mai jin Larabci da Faransanci, Abdullahi Jibrin, wanda littattafai ke rubutawa Abdullah Djibrine. Heyerdahl ya ba da labarin cewa hukumomi a Fort-Lamy sun tsare Abdullahi bisa zargin zai kai mutanen biyu Misira ya sayar, sai da aka sa baki aka sake shi. Wanda ya karanta labarin Abubakar ba zai yi wa wannan zargi dariya ba.

Aka kawo bardi daga Tafkin Tana na Habasha, aka ɗaure jirgin a gindin dalar Giza, tsawonsa kimanin mita 15, aka sa masa suna Ra. Ruwan sha da abinci a tuluna fiye da 100 aka zuba, abin da matan Gawi za su gane da kallo ɗaya. Suka tashi daga Safi ta Maroko ranar 25 ga Mayun 1969, su bakwai daga ƙasashe bakwai, ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Norman Baker na Amurka ne kaɗai ƙwararren ma'aikacin teku a cikinsu. Umar da Musa sun koma gida. Abdullahi ya shiga jirgin, mutumin da Heyerdahl ya ce bai san ruwan teku na da gishiri ba sai da ya ɗanɗana.

Tun ranar farko manyan filafilan da ake juya jirgin da su suka karye, kuma suka ci gaba da karyewa. Gyaransu ya faɗa kan kafinta, a kan jirgin da ke lanƙwasa da kowace igiyar ruwa. Amma babbar matsalar tana baya. Kadai na tafki goshinsa ne ke tashi sama, bayansa a yanke yake, domin a tafki babu igiyar ruwa mai tsayi da ke biyo jirgi ta baya. Zanen Misirawa ya nuna baya mai tsayi da ya lanƙwaso ciki, da wata igiya da ta taso daga ƙarshensa ta ɗaure a daɓen jirgi. Masu ɗaurin sun ƙara wannan baya ne bisa nacin Heyerdahl. Da suka ga ya tsaya da kansa sai aka cire igiyar, kowa ya ɗauka ta ado ce, har da shi mai tafiyar. Ashe ita ce ke riƙe bayan jirgin kamar tsarkiyar baka. Da aka shiga teku bayan ya fara nutsewa, ruwa ya riƙa hawa, igiyoyin da suka ɗaure bardin suka riƙa tsinkewa ta gefe guda. A tsakiyar Yuli, bayan kusan mako 8, saura tafiyar kamar mako guda su kai Barbados, suka bar jirgin suka shiga wani da ya zo taimako.

Akan taƙaita wannan labari da cewa jirgin 'yan Chadi ya kasa, na 'yan Bolibiya ya yi nasara, domin a 1970 Heyerdahl ya kawo Aymara daga Tafkin Titikaka suka ɗaure Ra na biyu, wanda ya kai Barbados cikin kwana 57. Wannan taƙaitawa ba ta yi daidai ba. Masana sun yi hasashen bardi zai jiƙe ya nutse cikin mako 2, sai ga ɗaurin Buduma ya yi mako 8 yana ɗauke da mutum bakwai da kayansu, kuma ɓangaren da ya ba da matsala shi ne wanda ba ya cikin al'adarsu. Darasin igiyar bayan da aka koya a jirgin farko ne aka yi aiki da shi a na biyu. A wannan tafiya ta farko ce kuma ma'aikatan suka riƙa ganin dunƙulen baƙin mai yana yawo a tsakiyar Atlantika, rahoton da Heyerdahl ya aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abdullahi bai shiga tafiya ta biyu ba, wani ɗan Maroko ne ya maye gurbinsa. Ra na biyu yana gidan tarihi na Kon-Tiki a birnin Oslo har yau, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hotonsa. Na farko an bar shi a teku. Tafkin da aka koyi sana'ar a cikinsa, wanda ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da 1980, kuma jigilar kifi da mutane tsakanin Bol da Baga ta koma hannun jiragen katako masu inji, waɗanda da yawa daga matuƙansu da Hausa suke ciniki.